Yadda Ake Ɗaukar Hoto da Tsohuwar Kyamarar Fim, a Kuma Wanke Shi a Gida Duk da Zafin Garinmu

Duk takardar umarnin da ke zuwa da fim ɗin hoto baƙi-da-fari, ko daga Ilford ta Ingila, ko Kodak ta Amurka, ko Foma ta ƙasar Cek, lissafinta ɗaya ne: ruwan wanki ya kasance digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. A can wannan ba wani aiki ba ne, sau da yawa ma ɗumama ruwan suke yi kafin ya kai haka. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, cikin watan Afrilu, ruwan da ya wuni a tankin saman ɗaki ya haura digiri 30 nesa ba kusa ba. Saboda haka mai son wannan aiki a nan ya sani tun farko cewa zafi da ƙura su ne za su fi ba shi wahala. Loda fim da juya tanki abu ne da hannu ke sabawa da shi nan da nan.

Zan bi hanya guda daga farko har ƙarshe don kada lissafi ya rikice: kyamarar Pentax K1000, fim mai faɗin milimita 35 samfurin Ilford HP5 Plus, da sinadarin wanki na Rodinal. Wanda ke da wata kyamarar ko wani fim ɗin, matakan ba su canja ba, mintuna ne kawai za su bambanta.

Kyamara: wadda za ka saya da wadda za ka bari

Tsofaffin kyamarori iri biyu ne. Akwai masu aiki da ƙarfe da sifirin zalla, akwai kuma waɗanda in babu batir ko motsi ba sa yi. K1000, wadda aka fara ƙerawa a 1976 aka ci gaba har 1997, tana cikin rukunin farko. Batirinta, ɗan ƙaramin nan LR44 da masu gyaran agogo ke sayarwa, ma'aunin haske kaɗai yake kunnawa; in ya mutu kyamara na ci gaba da ɗauka. Haka Nikon FM2 ta 1982. Canon AE-1 kuwa, duk da farin jininta, sai da batir mai bolt 6 shatarta, wato labulen da ke barin haske ya kai ga fim, ke buɗewa, kuma in kayan lantarkinta suka lalace samun mai gyara a nan sai an sha yawo. Olympus OM-1 da Minolta SR-T 101 kyamarori ne na ƙwarai, amma an ƙera ma'auninsu ne don batirin makyuri mai bolt 1.35 wanda aka daina yi, batirin yanzu mai 1.5 kuma yana sa allurar ta yi ƙarya. Akwai kuma Zenit-E ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai nauyi da juriya. Ma'auninta ba ya buƙatar batir, sai dai galibi tsufa ya riga ya kashe shi.

Ana samun su wurin tsofaffin masu sutudiyo da suka koma dijital, da 'yan gwanjo, wani lokaci ma a ƙasan akwatin mahaifi. Ko ina ka samu, kada kuɗi su bar aljihunka sai ka yi waɗannan gwaje-gwaje.

Ja maɓallin naɗe fim da ke hagu sama, murfin baya zai buɗe. Ɗaga kyamarar wajen haske, ka ɗana ta da ɗan hannun da ke dama sama, ka danna a kowane gudun shata, daga daƙiƙa 1 har 1/1000. A daƙiƙa 1 ka kasa kunne: ƙarar ta tafi santsi ta yanke. In tana jan ƙafa ko ta tsaya a hanya, man ciki ya daskare. A 1/500 da 1/1000 ka tabbata kana ganin walƙiyar haske a duk faɗin tagar, ba rabi ba. Labulen shata na K1000 ƙyalle ne, ka duba ko ya huje, amma ko kusa kada yatsanka ya taɓa shi.

Sai idon kyamarar. Cire shi, ka haska fitilar waya ta baya kana leƙe ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, babu tsohon gilashin da ba shi da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, zare-zare farare masu rassa da danshin damina ke haifarwa, domin in ta daɗe cin gilashin take yi. Juya zoben ƙofar haske, wato ramin cikin idon da ke faɗaɗa ko tsukewa, ka ga ganyayyakin ƙarfen suna rufewa da sauri, kuma babu maiƙo a kansu. Buɗe ɗakin batir. In ka tarar da kore ko farin gari, tsohon batir ya fashe a ciki, ma'aunin hasken ma watakila ya tafi.

Abu na ƙarshe shi ne soson da ke toshe haske a gefen murfin baya da wajen marfin da yake juyawa. Bayan shekara 40 a zafinmu kusan kullum za ka tarar ya narke ya zama baƙin danƙo. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Ka kankare shi da tsinken sakace da aka jiƙa da sifirit, ka maye gurbinsa da siririn baƙin soso ko baƙin zaren ulu. In kana sauri, bayan ka loda fim ka bi gefen murfin da baƙin salatif na masu wayarin. Ba kyan gani, amma yana aiki.

Fim da ajiyarsa

Lambar ISO, wadda tsofaffin kyamarori ke rubutawa ASA, ita ce saurin da fim ke kama haske. HP5 Plus 400 ne, haka Kodak Tri-X. Gaskiya ga ranar tsaka a garinmu 400 ya yi yawa, mai 100 ko 125 irin Fomapan 100 ko Ilford FP4 Plus ya fi dacewa. Na zaɓi 400 ne don yana yafe wa ɗan koyo kura-kurai, kuma da shi za ka ɗauki hoto a zaure ko ƙarƙashin rumfar kasuwa ba tare da filasha ba. Gwangwani ɗaya hoto 24 ne ko 36.

Galibi fim sai an yi oda ko an ba matafiyi saƙo. Ka gaya masa kada ya sa shi a jakar da ake aunawa a kai ɗakin kayan jirgi, na'urar binciken waɗannan jakunkuna tana ƙona fim. Ya riƙe a jakar hannu, ya roƙi a duba da hannu, musamman a filayen jirgin da suka sa sababbin na'urorin CT, waɗanda wucewa ɗaya ta cikinsu ya isa ya ɓata shi. In ya iso, firji ne mazauninsa, cikin robarsa a rufe. Ɗauke wutar lantarki ba zai cutar da shi ba muddin robar ba ta buɗe ba. In babu firji, ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, nesa da rufin kwano. Ka fitar da shi daga firji awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe robar, in ba haka ba zai yi raɓa. Mota da aka ajiye a rana kuwa, kada ka bar fim ko kyamara a cikinta.

Lodawa

A inuwa ake yi. Buɗe murfin baya, saka gwangwanin a hagu, tura maɓallin naɗewa ƙasa ya kama shi. Ja harshen fim ɗin zuwa dama, ka cusa bakinsa cikin tsagar sandar da ke karɓa. Ɗana sau ɗaya kana kallo: haƙoran ƙarfen su shiga ramukan fim sama da ƙasa. Rufe murfin. Juya maɓallin naɗewa a hankali yadda kibiyarsa ta nuna har ka ji fim ya ɗame, sannan ka ɗana ka danna har ƙidaya ta kai 1.

Ga abin da za ka zuba wa ido: duk lokacin da ka ɗana, maɓallin naɗewa na hagu ya juya da kansa. In bai juya ba, fim bai kama ba, kuma ƙidayar za ta ci gaba da hawa har 36 alhali ba abin da kake ɗauka. Daga nan ka ɗaga zoben gudun shata ka juya har lambar 400 ta bayyana a 'yar tagar ASA.

Auna haske

Abu biyu ke hannunka. Ƙofar haske tana da lambobi 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Kowane mataki zuwa babbar lamba yana rage hasken da rabi. Gudun shata ma haka: 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000. In ka rufe ƙofa da mataki ɗaya ka rage gudu da mataki ɗaya, hasken bai canja ba, kamannin hoton ne ya canja. Ƙaramar lamba irin 2 ko 2.8 tana fito da fuska ta dusashe bayanta, 11 ko 16 kuma tana fito da komai tar daga kusa har nesa. Da idon kyamara mai milimita 50, kada ka sauka ƙasa da 1/60 kana riƙe da hannu, hoton zai girgiza.

A K1000 kana leƙawa za ka ga allura a gefen dama. Ka juya zobe har ta tsaya a tsakiya. Ba ta da makunni, murfin ido shi ke kashe ta, don haka ka riƙa rufewa don batir ya daɗe. In ma'aunin ya mutu, akwai tsohuwar ƙa'idar masu hoto: a rana tsantsa ka sa ƙofa a 16, gudu kuma ya zama lambar da ta fi kusa da ISO ɗinka, wato 1/500 ga fim mai 400. In hazon hunturu ya dusashe rana, ka koma 11. Hadari ya rufe sama, 8. Inuwar bishiya ko ta bango, 5.6. Bakin zaure daga ciki, 4 ko ƙasa da haka.

Yanzu ga inda ma'aunin haske ke yaudarar mutane a ƙasarmu. Shi ma'auni yana ɗauka duk abin da ke gabansa ruwan toka ne, tsaka-tsaki. Ka tsayar da mutum ranar Sallah cikin farar shadda da ta sha bugu, rana na dukanta tana ƙyalli, hula kuma ta jefa inuwa a goshinsa. Allura za ta yi sama da gudu, ta ce maka haske ya yi yawa. In ka bi ta ka rufe ƙofa, rigar za ta fito toka-toka, fuskar kuma ta zama baƙin dunƙule, ba ido ba hanci. Maganinsa ka matsa kusa har fuskar ta cika tagar leƙe, ka daidaita allura a nan, sannan ka ja da baya ka ɗauka ba tare da ka kula da abin da allurar ke yi ba. In ba za ka iya matsawa ba, ka auna tafin hannunka a irin hasken da mutumin yake ciki, ka buɗe ƙofa da mataki ɗaya a kan abin da ya ba ka. Nagatif yana jure ƙarin haske na mataki ɗaya ko biyu, amma abin da bai samu haske ba a inuwa, babu sinadarin da zai dawo da shi. Kullum in kana shakka, ƙara haske.

Mafi sauƙi dai ka fitar da mutum daga rana. Bakin ƙofar zaure, yana fuskantar waje, shi ne wurin da na fi so: hasken na shigowa a tausashe, bayansa duhu, aikin wuyan riga da ƙyallin ido duk suna fitowa. Da hantsi ko bayan la'asar ma rana na zuwa ta gefe, ta fito da zanen bangon ƙasa. A wurin hawan Sallah, dawakai ba za su jira ka saita ba. Ka sa 1/500 ko 1/1000, ƙofa 8 ko 11, ka saita nisan a wani wuri da ka san za su bi, ka jira su iso. Kada ka canja ido a cikin wannan ƙurar. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata da dattawa. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta ƙofa da gudun kowane hoto a gwangwanayen farko, da shi za ka gane inda ka kuskure bayan wanki.

In ka ɗana ka ji ya cije, fim ya ƙare, kada ka tilasta. Danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamara, ka buɗe hannun naɗewa, ka juya yadda kibiya ta nuna har ka ji nauyin ya saki. Sai a buɗe murfi.

Kayan wanki

Kana buƙatar tankin wanki mai hana haske shiga da faifan da ake naɗa fim a kai, na Paterson ne ya fi yawa; baƙar jakar canji mai hannuwa biyu, ko ɗaki mai duhu ƙirin; sinadarin Rodinal; fiksa, sinadarin da ke tabbatar da hoton don haske ya daina shafar fim, misali Ilford Rapid Fixer; ɗan ruwan hana tabo irin Kodak Photo-Flo ko Ilfotol; kofunan awo uku masu alamar mililita; sirinji daga kemis; almakashi, mabuɗin kwalba, maƙalan shanya biyu; kula, da ƙanƙara. Sai ma'aunin zafi. Na asibiti ba zai yi ba, daga wajen digiri 35 yake farawa. Ka nemi na ɗakin gwaje-gwaje a shagunan kayan kimiyyar makarantu.

Me ya sa Rodinal? Kamfanin Agfa na Jamus ya fito da shi tun 1891, yanzu Adox ke yin sa, Foma ma na da irinsa mai suna Fomadon R09. Ruwa ne mai kauri, kaɗan ake ɗiba, kuma kwalbar na daɗewa ko da ta yi duhu. Mililita 6 ke wanke gwangwani ɗaya, ka ga kwalbar rabin lita za ta kai ka wajen gwangwani 80. Aibinsa, yana fito da tsakin fim, wato ƙananan ɗigon da ke cikin hoton, fili, musamman a mai 400. Wanda ke son hoto mai laushi ya nemi Ilford ID-11 ko Kodak D-76, sai dai su gari ne da ake damawa lita guda ko fiye a lokaci ɗaya, kuma da zarar kwalbar ta yi rabi iska na cinye ƙarfinsa cikin wata ɗaya ko biyu. Ga wanda sinadari ke yi wa wuyar samu, Rodinal ya fi rufin asiri.

Ruwa ma abin lura ne. Na rijiyar burtsatse sau da yawa yana da gishirin ƙasa da ke barin farin tabo. Ka haɗa sinadarai da ruwan leda ko na gora mai kyau. Ɗaurayar ƙarshe kuwa, tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ya fi, amma ka tabbata tataccen ruwa ne zalla, ba mai asid ba.

Naɗa fim a faifai

Wannan ne kaɗai matakin da ake yi cikin duhu, kuma duhu na gaske: jar fitilar da ake gani a ɗakin wanki ta takardar hoto ce, fim tana ƙona shi. In ɗaki za ka yi amfani da shi, ka bari sai dare, ka toshe ƙasan ƙofa, ka zauna minti 5. In ka fara ganin hannunka, ɗakin bai yi ba. Waya da agogo mai haske su tsaya waje.

Kafin ka taɓa fim ɗin gaske, ka sadaukar da wani da ya lalace ka yi ta gwaji da rana, ido buɗe, sannan ido rufe.

Cikin duhu, ɓalle murfin gwangwanin da mabuɗin kwalba ta gefen da sandar ba ta fito ba, ka zaro naɗin. Yanke siririn harshen ya zama baki ɗaya miƙaƙƙe, ka ɗan rage kusurwoyinsa biyu. Laluba faifan har ka ji haƙora biyu da suka fito, nan ce mashiga. Tura bakin fim ƙarƙashinsu, ka ja shi ya wuce 'yan ƙwallayen ƙarfen. Daga nan ka riƙe gefe biyu na faifan kana murza ɗaya gaba da baya, fim zai riƙa shiga da kansa. A ƙarshe ka yanke shi daga sandarsa. Zura faifan a baƙin bututun tsakiya, ka saka a tanki, ka ɗora mazurarin ka juya har ya yi ƙas. Kada ka manta bututun nan, shi ke hana haske bi ta ramin zuba ruwa. Mazurari na kullewa, kunna fitila.

Gumi shi ne bala'in wannan mataki. Cikin jakar canji hannu na jiƙewa cikin minti biyu, fim kuma da ya ji danshi sai ya manne wa faifan roba ya ƙi gaba ya ƙi baya. Saboda haka faifan ya bushe ƙarau, ka wanke hannu da ruwan sanyi ka tsane, ka sa siririn safar hannu, ka yi aikin da asuba ko gaban fanka. In ya cije, kada ka danna da ƙarfi, zai karye ya bar tabo mai siffar jinjirin wata. Raba faifan biyu, ka jefa fim ɗin cikin tanki da bututunsa, ka rufe, ka fito da hannu ka sha iska, sannan ka sake.

Sanyaya ruwa

Zuba ruwa a kula, ka riƙa jefa ƙanƙara kana motsawa har ma'auni ya nuna 19 ko 20. Cika gorar ruwa mai tsabta kamar lita 3 ka tsoma a ciki ta yi sanyi. Da shi za ka haɗa komai. Kada ka jefa ƙanƙara cikin sinadarin da ka riga ka haɗa, narkewarta za ta tsinka shi. In dole ne, ƙulle ta a leda ka tsoma ledar.

Kofi na farko: Rodinal mililita 6 da sirinji, cikin ruwa 300, wato kashi 1 cikin 50. Tankin Paterson na son 290 don rufe faifai ɗaya na 35. A haɗa shi dab da amfani, sau ɗaya ake aiki da shi a zubar. Kofi na biyu: ruwa zalla 300. Kofi na uku: fiksa 60 da ruwa 240. Rubuta suna a jikin kowanne, ka jera su daga hagu zuwa dama, duk cikin ruwan kular. Shi ma tankin ka tsoma gindinsa ya yi sanyi, in ba haka ba robarsa mai ɗumi za ta ɗaga zafin sinadarin da zarar ka zuba.

In 20 ta gagara, 24 ma ana aiki da ita, muddin ka rage lokaci. Ƙa'idar Ilford ita ce a rage kashi 10 cikin 100 na lokacin ga kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Amma kada lokacin ya sauka ƙasa da minti 5, kuma kada ka yi gangancin wanki da ruwa mai digiri 30: abin zai zama kamar wainar da aka cika wa wuta, wani wuri ya ƙone wani bai nuna ba, ga fatar fim ɗin ta yi laushi tana kwarzanewa da ɗan taɓi. Kuma duk ruwan da zai shiga tankin, har na ɗauraya, kada ya bambanta da na farko da fiye da digiri 5. Fim da ya fito daga ruwan 20 ya faɗa na famfo mai 33, fatarsa na iya tsattsagewa, hoton ya cika da ƙananan zane-zane da ba sa gyaruwa.

Wankin kansa

HP5 Plus da aka ɗauka a 400, cikin Rodinal 1 cikin 50, a digiri 20: minti 11. A digiri 24, tsakanin minti 7 da 8. In ID-11 ne da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, minti 13 a digiri 20.

Sa safar roba, Rodinal na cin fata. Kunna agogon waya, ka zuba kofi na farko da sauri ba tsayawa, ka danne murfin roba. Kifa tankin ka miƙe shi sau 4 cikin daƙiƙa 10, a natse, ba girgiza ba. Buga gindinsa a tebur sau biyu don kumfar da ta maƙale a fim ta tashi, ka mayar da shi cikin ruwan kula. A farkon kowane minti ka maimaita: kifawa 4, bugu, ajiyewa. Saura daƙiƙa 10 lokaci ya cika, fara zubarwa.

Zuba ruwan kofi na biyu, ka yi ta kifawa rabin minti, ka zubar, ka ƙara wani sau ɗaya. Sai fiksa, minti 5, da irin kifawar farko. Shi ba a zubar da shi. Mayar da shi kwalba, lita guda da aka haɗa tana wanke gwangwani 24. Don sanin ko yana da sauran ƙarfi, jefa guntun harshen da ka yanke a ciki, ka ƙirga lokacin da zai ɗauka ya zama garau. Fim na buƙatar ninkin wannan lokacin. Ranar da ka ga gwajin na ɗaukar ninkin abin da yake ɗauka yana sabo, ya gaji. Tsohon fiksa na ɗauke da azurfa, kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko shuka, ko inda dabbobi ke sha. Kuma kada a ajiye kowane sinadari a gorar lemo inda yara ke kaiwa.

Ɗauraya ba ta buƙatar famfo na zuba. Hanyar Ilford ta dace da mai sayen ruwa a kura: cika tanki, kifa sau 5, zubar, cika, kifa sau 10, zubar, cika, kifa sau 20, zubar. Yanzu buɗe tankin. Zuba tataccen ruwa 300 da Photo-Flo mililita 1 da rabi, ka bar faifan a ciki kamar minti ɗaya ba tare da ka tada kumfa ba. Sabulun wanke-wanke ba madadinsa ba ne.

Shanya

Jiƙaƙƙen fim duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan. Da hunturu, kafin ka buɗe tanki ka shiga banɗaki ka yayyafa ruwa a ƙasa da bango, ka rufe taga, ƙurar da ke yawo ta kwanta. Raba faifan, ka kama fim ta gefe, ka rataye da maƙali ɗaya a igiya, ɗayan a ƙasa don ya ja shi ya miƙe. Kada ka tsane shi da yatsu ko ƙyalle, kada ka kunna fanka, kada ka kai shi rana. Ja ƙofa ka hana kowa shiga na awa biyu. Da damina ya fi haka. Ya bushe idan gefen da ba ya ƙyalli ya daina danƙo har can ƙasa. Yanka shi shida-shida ka zura a rigar ajiye nagatif, ka rubuta kwanan wata da fim da mintuna da digiri. Da damina ka ajiye nagatif da kyamara tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Karanta abin da ya fito

Dubi gefen fim, wajen ramuka, akwai sunan ILFORD HP5 PLUS da lambobi. Kamfani ne ya buga su da haske tun a masana'anta, don haka su ke raba gardama tsakanin laifin kyamara da na wanki. Rubutun ya fito baƙi sosai amma babu hoto ko ɗaya: wanki lafiya, fim ne bai kama ba ko shata ba ta buɗe ba. Fim garau, ba hoto ba rubutu: fiksa aka fara zubawa, ko Rodinal ɗin ya mutu. Baƙi ƙirin har gefe: haske ya shiga. Rubutu baƙi, hotuna kuma fayau ba komai a inuwa: haske ya yi kaɗan wurin ɗauka, koma littafinka. Rubutun da hotunan duk sun yi fari-fari: lokacin wanki bai isa ba. Hotuna sun yi kauri har ba ka iya ganin komai ta wuraren da suka fi duhu: ruwan ya yi ɗumi ko an zarce lokaci, kuma a nan wannan ne aka fi gani. Hazo-hazo a tsakiyar fim: fiksa bai gama ba, mayar da shi cikin sabo, ka sake ɗauraya, zai gyaru. Baƙin zane da ya ratsa daga gefe zuwa gefe a wuri ɗaya-ɗaya: soson murfin baya ne ke yoyon haske.

Daga nagatif zuwa hoto

Hanya mafi arha ita ce waya. Buɗe farin shafi a allon kwamfuta ko wata wayar, ka ƙure haskensa, ka ɗaga nagatif ɗin sama da allon kamar faɗin yatsu biyu don ɗigon allon kada su fito. Firam da ka yanka daga kwali zai riƙe shi a miƙe. Kashe fitilar ɗaki, ka jingina wayar ɗauka a kan littattafai don ta tsaya daidai saman fim ɗin, ka ɗauka. A manhaja irin Snapseed ko Lightroom, ka shiga wurin lanƙwasa layin haske, ka kai ƙarshen hagu sama, na dama ƙasa, baƙi ya koma fari, sannan ka cire launi gaba ɗaya ka daidaita duhu da haske. Wannan ya isa a tura wa 'yan uwa ko a sa a Instagram. Wanda zai buga babba ya rataye a bango sai ya nemi sikana mai ɗaukar fim irin Epson V600, ko kyamarar dijital mai idon ɗaukar abu kusa. Kafin kowane ɗauka ka hure ƙurar nagatif da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, tururin numfashi na barin ɗigo.